Daga cikin rami nake kallon mota

Shekara 28 ke nan ina gyaran mota, kuma yawancin motocin da na sani ta ƙasa na fara saninsu, ina tsaye cikin rami da fitila a hannu. Mai mota fenti yake gani, da kujeru, da allon da ke gaban direba. Ni kuwa idona yana kan inda mai ke ɗiga, da kusoshin da tsatsa ta ci, da ko hannuna zai shiga ya kwance abin da ya lalace ba sai na sauke rabin inji ba. Shi ya sa ranar da ɗan yayata ya zauna a bencin gareji ya ce, "Kawu, na ɗan tara abin da na tara, wane kamfani ne ya fi iya ƙera mota?", ban amsa masa a take ba. Na ce ya ba ni kwana biyu. Abin da na faɗa masa daga baya shi nake so in shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan tambayar ba.

Duk motar da ta fito daga masana'anta a yau lafiya lau take yi a shekara ukun farko. Sai ta haura kilomita 200,000, ta wuce hannu biyu ko uku, an sha makara wajen juye baƙin mai, an sha labta mata kayan da ya fi ƙarfinta, sannan halin kamfanin da ya ƙera ta yake bayyana. Abin da na lura da shi cikin shekarun nan shi ne, kowane kamfani yana da irin mutumin da yake hangowa a bayan sitiyari lokacin da ake zana motar. Wani yana hango mai kula, wanda ba ya tsallake ranar sabis. Wani yana hango mai mantuwa, wanda gareji ya yi wa nisa. Motar takan ji da wanda aka hango, ta wahalar da wanda ba shi aka nufa ba.

Wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya, shi ya fara koya mini wannan. Ya sayi wata babbar motar alfarma ta hannu, ya same ta da sauƙi, ya zo yana murna ya nuna mini. Ba zan faɗi kamfanin ba, don na ga irin haka a kamfani fiye da ɗaya. Bayan wata huɗu ruwa ya fara raguwa a lagireto. Abin da ya fashe ɗan bututun roba ne da bai fi tsawon yatsa ba, amma an binne shi a tsakiyar inji, sai da na kwana biyu ina kwance kaya kafin na kai gare shi. Da ya ji kuɗin aiki sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe motar ba tawa ba ce." Har yau wannan maganar tana taɓa ni. Motar ba ta da laifi a wajen wanda aka ƙera ta dominsa. Shi dai dattijon ba shi aka hango ba.

Bari in fara da Toyota, tunda ita kowa ke fara tambaya. Kafin iyalin Toyoda su shiga ƙirar mota, injin saƙa suke yi. Sakichi Toyoda ya ƙirƙiro masaƙar da ke tsayawa da kanta da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada a ci gaba da saƙa yadi mai aibu. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin mota a 1937, kuma wannan tunanin ya bi su har cikin masana'anta: a gefen layin haɗa mota akwai igiya, duk ma'aikacin da ya ga kuskure zai ja ta, shugaban sashe ya zo, in ba a warware ba layin ya tsaya. Mu da muke kwance waɗannan motoci bayan shekara goma sha muna ganin amfanin wannan igiyar. Wayoyi suna nan a ɗaure inda aka ɗaure su, soket ba ya ruɓewa a hannu, kusa tana kwancewa da sifanar da aka saba.

Toyota ba ta gaggawar canza abin da ke aiki. Corolla ta fito a 1966, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50. Land Cruiser samfurin 70 tun 1984 ake ƙera ta, siffarta kusan ba ta sauya ba. Injin da na fi girmamawa a duk aikina nata ne, 1HZ, na gas, lita 4.2, silinda 6, ba tobo, ba kwamfuta, famfon mai na ƙarfe zalla. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, idan an yi lodi aka kama hawa sai an yi haƙuri da shi. Amma da yake ba a matsa masa ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa ba, ba ya saurin gajiya. Wannan shi ne salon kamfanin gaba ɗaya: su bar wa inji sarari, ko mai shi ya yi sakaci kaɗan ba zai mutu a hanya ba.

Abin da kake biya a madadin haka shi ma a bayyane yake. Cikin ƙananan Toyota roba ce mai tauri, ƙarar taya tana shigowa, sitiyarin ba ya gaya maka komai game da hanya. Abin da wasu kamfanoni suka sa a motarsu shekara biyar da suka wuce, sai yanzu za ka gan shi a nan. Ta hannu kuma tsada gare ta, don kowa ya san sunanta, kuma saboda yawanta kayan gyaran jabu sun yi yawa a kanta. Sannan kada kowa ya ce maka ba ta taɓa tuntuɓe ba. A 2009 da 2010 ta janye miliyoyin motoci, wato ta kira masu su su dawo da su a gyara, saboda totur da ke maƙalewa, har shugabanta Akio Toyoda ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka, kuma a 2014 ta biya tarar dala biliyan 1.2. Injinta 2AZ-FE mai lita 2.4, na Camry ɗin wajen 2007 zuwa 2009, ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda zoben fistan, kamfanin da kansa ya tsawaita garanti a kan haka. Mai sayen irin wannan Camry ya zaro ma'aunin mai ya duba kafin a fara ciniki.

Honda ina da ƙauna ta musamman gare ta, wataƙila don Soichiro Honda shi ma yaron gareji ne a Tokyo kafin ya kafa kamfaninsa a 1948. Ana jin hannun bakanike a injinta. Yana tashi da sauƙi, yana son a taka shi, kuma Accord da Civic na shekarun 1990 sun fi takwarorinsu na Toyota daɗin riƙewa a kwana nesa ba kusa ba. Sai dai Honda mai kyakkyawar hanya ta hango. Motar a ƙasa take, ƙafafunta na gaba gaɓoɓi ne da yawa, in ramuka suka yi yawa za ka riƙa sauya su. Giyabos ɗinta na otomatik kuma nasa man yake so, ba kowane ja ba, kuma na manyan injinanta V6 na farkon shekarun 2000 sai da kamfanin ya yi janye a kansa a 2004.

Yanzu Jamusawa. Duk wanda ya ce Mercedes ba ta iya mota ba, bai taɓa tuƙa ta awa biyar a jere ba. Za ka sauka bayanka bai yi ciwo ba, kunnenka bai gaji ba, kuma a gudun da ƙaramar mota ke rawa ita tana zaune daram kamar an dasa ta. Wajen kare rai ma duniya na bin su bashi. Injiniyansu Béla Barényi ne ya kawo dabarar gaban mota da bayanta su lanƙwashe su shanye karo, ɗakin fasinja ya tsaya da ƙarfinsa, aka fara ta a babbar motarsu ta 1959. Birkin ABS na lantarki, mai hana taya kullewa, a S-Class ya fito a 1978, tare da kamfanin Bosch. Volvo ta Suwidin ita ta ba mu bel mai maɗauri uku a 1959, ta hannun Nils Bohlin, kuma ta bar kowane kamfani ya yi amfani da shi kyauta. Duk ranar da aka jawo mota a murƙushe gareji aka ce direban ya fita da ƙafarsa, waɗannan mutanen nake tunawa.

Tsohuwar Mercedes W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1986, an ƙera kusan miliyan 2.7, ita ce motar da ta haɗa daɗin Jamus da juriya irin ta jaki. Rufe ƙofarta kaɗai ya isa ka san ƙarfe ne. Na yanzu wani abu ne daban. Akwai masu tafiya a kan jakar iska maimakon sifirin, akwai kwamfutoci da dama suna magana da juna, sensa ɗaya in ta ruɗe sai allon gaba ya cika da fitilu. BMW ma haka: injinta mai silinda 6 a jere yana cikin mafi santsin da na taɓa ji, nauyin motar a rabe yake daidai tsakanin gaba da baya, amma kayan zagayen ruwanta roba ne da yawa, kuma roba tana da wa'adi. Bajamushe idan ya rubuta a littafi cewa a sa mai kaza a lokaci kaza, da gaske yake. Wanda ya bi littafin zai ji daɗin motar shekara da shekaru. Wanda ya saye ta don ya same ta da araha, ya kuma nufi kula da ita da araha, shi ne zai gane cewa araha ba ta ado.

Volkswagen ta iya haɗa ƙaramar mota mai jin ƙarfi kamar babba, Golf tun 1974 take nuna haka, kuma tsohon injinta 1.9 TDI ba ya shan mai, ba ya mutuwa da wuri. Abin da ya rage mata daraja a idona shi ne na Satumba 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa an sa wa motocin gas manhajar da ke gane lokacin gwajin hayaƙi ta rage shi, a kan hanya kuma ta sake. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. Kuskuren ƙira ina iya yafewa, kowa na yi. Wannan shiryawa aka yi.

Peugeot 504 ba zan wuce ba tare da na gaishe ta ba. Ta fito a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ta ci gasar Safari a 1975. Ƙafafunta dogon numfashi gare su, tana haɗiye gargada yadda har yau ƙananan motoci kaɗan ne ke yi. Peugeot ɗin yau, da ke ƙarƙashin rukunin kamfanonin Stellantis tun 2021, tana da kyan zane ƙwarai, amma injinta ƙarami PureTech mai lita 1.2 ya zo da bel ɗin taimin da ke gudu cikin baƙin mai. In mai ya tsufa ko aka sa wanda bai dace ba, bel ɗin ya fara zubar da ɓurɓushi, ɓurɓushin ya toshe matatar famfon mai, inji ya rasa mai. An yi janye a kan haka. Ford ma ta yi irin wannan ƙirar a EcoBoost mai lita 1.0. An yi ta ne don rage shan mai da ƙara, amma ta mayar da ranar juye mai ta zama ranar da ba a ɗagawa.

Hyundai da Kia su ne suka fi ba ni mamaki a tsawon aikina. Lokacin ina yaron gareji ba a ɗaukar su da muhimmanci. A ƙarshen shekarun 1990 Hyundai ta ba da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya a Amurka, wanda ya tilasta mata gyara aikinta, ta kuma mallaki Kia a 1998. A 2006 Kia ta ɗauko mai zane Peter Schreyer daga ɓangaren Volkswagen, daga nan siffar motocinsu ta sauya. Mutumin da suka hango shi ne mai lissafin kuɗinsa da ke son kaya da yawa a mota: kyamara, allo, kujera mai daɗi. A nan ba wanda ya kai su. Inda zan ja kunne shi ne injin Theta II mai lita 2.0 da 2.4, wanda aka fara janyewa tun 2015 saboda ƙwanƙwasa da kamewa, har hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 210 a 2020 kan jinkirin janyen. Kuma in ka zo sayarwa, darajarsu takan faɗi da sauri fiye da ta Japan.

A akori-kura gasar ta fi zafi. Hilux, da ta fara a 1968, ita ce ma'aunin da ake gwada saura da shi, kuma ta ci sunanta: shasi mai kauri, sifirin ganye a baya, kayan gyara duk inda ka shiga. In babu kaya a bayanta kuwa tana tsalle da kai. Ford Ranger ta fi ta daɗin zama da shiru, tana da giya har 10 a otomatik, tuƙinta kamar ƙaramar mota, amma lantarkinta ya fi yawa, tana son gareji mai na'urar bincike. Mitsubishi L200 siririya ce, tana juyawa a ƙaramin wuri, kuma tsarinta na Super Select yana bari ka sa taya huɗu su ja ko a kan kwalta. Wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ita ce Isuzu D-Max. Isuzu kamfanin manyan motoci ne tun asali, kuma injin 4JJ1 mai lita 3.0 da aka daɗe ana sawa a D-Max shi ne suka sa a wasu ƙananan motocinsu na dakon kaya. Yana da ƙara, ba shi da ado, amma aikin akori-kura wasa ne a wajensa. Dukkansu dai yanzu ciwonsu ɗaya. Nozul ɗin injin gas na zamani yana fesa mai da matsin da ya kai 2,000 a ma'aunin "bar", ɗigon ruwa ko ƙura a cikin gas ya isa ya lalata shi, ko wane tambari ne a gaban motar. Filtar gas ta gaske ta fi sunan kamfani muhimmanci a nan.

Manyan motoci lissafinsu daban ne, don mai tirela ba ya tambayar kyau, yana tambayar lita nawa ta sha, kwana nawa ta yi a gareji. Daimler ne ya ƙera motar dakon kaya ta farko a 1896, kuma tsohuwar Mercedes mai gajeren hanci, da aka yi daga 1959 har 1995, har yau tana aiki a ƙasashe da yawa don da guduma da sifana ake gyara ta. Actros, tun 1996, ta shigo da lantarki cikin birki da giya. Scania ita ce na fi jin daɗin aiki a kanta, saboda tsarinta na haɗa motoci iri-iri daga kaya kaɗan masu shiga juna: a yawancin injinanta kan silinda ɗaiɗai ne, in ɗaya ya sami matsala shi kaɗai za ka ɗaga. Injinta V8, da ta fara a 1969, ya kai doki 770. Volvo ta yi fice da giyar I-Shift tun 2001, wadda ke sauya giya da kanta ta kuma tsare kuloci daga ƙafar direba mai gaggawa. DAF, ta Holan, da ke hannun kamfanin Paccar na Amurka tun 1996, direbobi na son ta don faɗin ɗakinta da rashin shan mai. Duk waɗannan Turawan sun hango kamfanin sufuri mai tsari, mai gas mai tsabta, mai auna lodi. Tun da dokar hayaƙi ta Turai, Euro 6, ta kama manyan motoci a 2014, sai da ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi da matatar hayaƙi, kuma in tsarin ya ga ba daidai ba da kansa yake rage wa motar ƙarfi.

Howo ta kamfanin Sinotruk na ƙasar Sin wani mutum ta hango daban: ɗan kwangila mai son tifa ta fara aiki gobe ta mayar da kuɗinta da wuri. Tushen fasaharta daga Steyr ta Ostiriya ne, kuma a 2009 MAN ta sayi kashi 25 cikin 100 na kamfanin ta kawo nata ilimin. Ƙarfen ɗakinta da wayoyinta da ƙananan kayanta ba su kai na Turai ba, za ka riƙa ɗaure-ɗaure. Amma kayan gyaranta da sauƙi, gyaranta ba wuya, kuma sabuwa ce a kuɗin da zai saya maka tsohuwar Bature da ta riga ta ci rabin ranta. Ga aikin yashi da dutse na gajeren zango, ba zan hana kowa ita ba. Ga doguwar hanya ta shekara goma, Scania ko Volvo zan nuna. Kamfanonin Sin dai kada a raina su. BYD da batir ta fara a 1995, a 2022 ta daina ƙera mota mai fetur zalla, kuma haɗin motocinta na lantarki ya yi tsaf. Hukuncina a kansu sai sun tsufa sun zo kan ramina.

Da na gama wannan bayanin sai na juya tambayar kan ɗan yayata. Kilomita nawa kake yi a rana? Ya ce wajen 60, zuwa aiki da dawowa. Wa za ka ɗauka? Matarsa da yara biyu. In mota ta kwana uku a gareji, kana da wata? Babu. In an ce yau a sauya abu mai tsada, akwai ajiya? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, duk abin da nake da shi a sayen zai tafi." Zuciyarsa na kan wata Bajamushiya baƙa da ya gani, na kuma fahimce shi sarai, motar ta isa a so ta. Na ce masa a halin da yake ciki yanzu, mutumin da Toyota da Honda suka hango shi ne shi.

Mota uku muka duba. Ta farko fentinta na sheƙi, amma da na shiga ƙasa na ga an yi walda a shasi ta gaba, alamar ta taɓa cin karo mai tsanani. Ta biyu na buɗe murfin mai na ga kumfa fari-fari kamar madara, ruwa na haɗuwa da mai ke nan. Ta uku Corolla ce mai lita 1.8, fentin rufinta ya ƙoƙe, kujerar direba ta ɗan yage, amma ƙasanta a bushe, injin ya tashi a sanyi ba hayaƙi, giya na shiga ba fizga, kuma mai ita ya fito da takardun sabis a jere. Ita muka ɗauka. A ranar na juye baƙin mai da man giya da man birki da ruwan lagireto, na sa fulogi sababbi, na rubuta kilomitar da take kai a ɗan kati na rataya masa a jikin sitiyari. Saura kilomita 1,200 ya cika 5,000 ɗin da na ɗiba masa ya dawo da ita.